Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Maraɗi: Wa Za Mu Kira Idan Ciwon Ya Tashi Da Dare?

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Maraɗi,
tare da Daraktan Kiwon Lafiyar Al'umma na Jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku. Ranku ya daɗe, ni tsohon ma'aikacin jinya ne. Na yi majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, a ƙananan asibitocin karkarar jihar nan shekaru masu yawa kafin in yi ritaya in dawo cikin gari. Na zaɓi in rubuto muku a fili, inda kowa zai karanta, saboda maganar da ke bakina, wato ta ciwon taɓin hankali in ya tashi da dare, ta gidaje ce masu yawa waɗanda ba za su taɓa tako ƙafa zuwa ofishinku su faɗe ta ba. Kunya ta rufe musu baki.

Idan gobara ta tashi a Bagalam ko Sabon Gari, ko yaro ya san a kira 18, ƴan kwana-kwana su zo. Idan ɓarawo ya haura katanga, 17. Lambar 15 kuwa, ta gaggawar rashin lafiya, ta shiga kunnen kowa tun zamanin korona a 2020. Mace in naƙuda ta yi mata gardama a ƙauye, majo ya san wayar da zai buga a turo ambilans. To ga saurayi ya kwana huɗu bai runtsa ba, yana zance da waɗanda ba a gani, yau da tsakar dare ya ɗauki taɓarya yana cewa mahaifiyarsa ta zuba masa guba a tuwo. Wa za a kira? Mutanen gidan ba su ma kawo wa ransu cewa akwai na kira, domin ba a taɓa gaya musu cewa wannan ma ciwo ne na gaggawa ba, kuma suna da haƙƙi a kan hukuma a cikinsa.

Abin da ake yi kun san shi. A buga wa maƙwabta ƙofa. Ƙarti huɗu ko biyar su zo su danne shi, wani ya hau ƙirji, wani ya murɗe hannu, a kwanto igiyar tunkiya a ɗaure shi. Kafin gari ya waye rabin unguwa ta ji. Igiya ba ta daɗewa, sai a je wajen mai walda a ƙero mari, ko a sayo sasari da kwaɗo a kasuwa. A wasu ƙauyuka har yanzu akwai turu. A kai shi ɗakin da ke can ƙuryar gida da niyyar kwana biyu kafin ya lafa. Na ga waɗanda kwana biyun nan suka zame musu shekaru.

Na sha wanke gyambon da mari yake bari a idon sawu. Zagaye ƙafa yake yi, fata ta saɓule, gefe ya kumbura ya yi baƙi, ƙuda na bi. Abin da ba na mantawa shi ne tsumman da ake tararwa a ƙarƙashin ƙarfen. Kusan kullum akwai shi: yankin tsohon zane, an ninke shi da kyau an cusa tsakanin ƙarfe da fata don kada ya ci nama. Uwa ce take sa shi. Ita ce ta yarda a ɗaure ɗanta, ita ce kuma take tashi da asuba ta canja tsumman. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai kira mutanen nan azzalumai ba. An bar su ne su kaɗai da abin da ya fi ƙarfinsu, suka kama abin da hannunsu ya kai.

Ba mu kaɗai ba ne a wannan hali. A watan Oktoba na 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a ƙasashe 60. A Satumban 2019 ƴan sandan Najeriya sun fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Kaduna, bayan ƴan makonni aka fasa wani a Daura, nan kusa da mu. Nijar kuwa ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma masu wannan lalura suna cikinta. Sai dai ina roƙonku kada a ɗauka fasa ƙofa da kwance sarƙa shi ne magani. In an kwance mutum yau ba a ba iyalinsa abin da zai maye gurbin sarƙar ba, jibi za su sake ɗaure shi, wannan karon a inda ba mai gani.

Ba zan ce hukuma ba ta yi komai ba, in na faɗi haka na zalunce ku. Akwai shirin ƙasa na lafiyar ƙwaƙwalwa a ma'aikatar lafiya. Akwai ma'aikatan jinya da suka yi karatun wannan fanni musamman, kuma na san irin ɗawainiyar da suke sha, su ƴan kaɗan a kan jama'a mai ɗimbin yawa. Ana raya ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Tun 1 ga Satumban 2024 aka zabge rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya a asibitocin gwamnati, talaka ya ji sauƙin haka a aljihunsa. A nan Maraɗi muna da asibitin jiha, muna da sabon babban asibitin da ake turo wa masu ciwo mai tsanani, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana koyar da aikin likita. A ƙauyuka ga ƙananan asibitocin da ake kira CSI, ga rele, wato masu taimaka wa ma'aikatan lafiya a cikin al'umma, a kusan kowane gari. Kayan miya duk suna nan, ba a dai ce da kowa ya ɗora tukunya ba. Babu wanda aka ɗora wa alhakin daren farko, daren da ciwon ya tashi, alhali a wannan daren ne ake yanke ko mutum zai bi hanyar asibiti ko ta ɗakin ƙurya.

Sunan da kowa ya sani a ƙasar nan in ana maganar wannan ciwo shi ne Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai. Daga nan zuwa can ya haura kilomita 600, balle wanda zai taso daga Bermo ko arewacin Dakwaro. Masu ɗan hali sukan ƙetara iyaka su nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Kware a Sakkwato. Jihar da ƙidayar 2012 ta ba ta mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, kuma kowa ya san yadda ta ƙaru tun lokacin, bai kamata gaggawarta ta dogara da tafiyar yini guda a mota da mutum a ɗaure a kujerar baya ba.

Ga dalilin da ya sa na nace a kan daren farko. Ba duk wanda ya rikice ne yake da taɓin hankali ba. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana sa sambatu da fizge-fizge. Sanƙarau ma haka, kuma muna tsakiyar yankin da yake ɓarna a lokacin zafi. Sukarin jini in ya faɗi, mutum yakan kama faɗa da zage-zage kamar ba shi ba. Wanda ya faɗo daga babur ya bugu a ka yana iya miƙewa garau, bayan kwana biyu ya soma shirme. Mai farfaɗiya in ya farfaɗo yakan jima bai san inda yake ba. A idon mutanen gida duk abu ɗaya ne: ya haukace, ko iska ta taɓa shi, ko an yi masa sammu. A hannun majo kuwa, ma'aunin zafi da gwajin jinin yatsa da na sukari sun isa su tace da yawa daga ciki kafin rabin awa. Wasu cikin waɗannan in aka kwana biyu ana hayaƙi ba a kai su asibiti ba, gawa za a ɗauka, a ce aljanin ne ya yi nasara.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce mai jego. Masana sun ƙiyasta cewa a cikin kowace haihuwa 1,000 ana samun mace 1 zuwa 2 da hankalinta yake gushewa, yawanci cikin makonni biyun farko, wato daidai lokacin suna da wankan jego. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, Maraɗi kuma tana sama da haka, ku lissafa matan da wannan yake faɗawa a shekara guda.

An taɓa kawo mini wata a amalanken shanu. Haihuwar fari ce, ƴan kwanaki bayan suna, lallen sunan bai ma goge daga ƙafarta ba. Ta ƙi barci, ta ƙi ba da nono, tana cewa jaririn ba nata ba ne, an musanya mata. An ɗaure mata hannuwa da ɗankwalinta. Kakar yaron tana biye da amalanken a ƙasa, goye da shi, in ya yi kuka ta ɗiga masa ruwa da cokali. Dangin miji sun riga sun fara maganar a mayar da ita gidansu. Na auna zafinta, na duba ko ciwon mahaifa ne na bayan haihuwa, na yi mata allurar da ta sa ta samu barci, aka tura ta gaba. Bayan ƴan watanni sai ga ta ta zo awo da ɗanta a baya, tana daka masa tsawa don ya ja mata ɗan kunne. Wannan ciwo yana jin magani ƙwarai. Amma a kwanakin farko rai biyu ne a bakin rami, ga aure na shirin mutuwa a kan abin da ba laifinta ba. Ranar an taki sa'a akwai allurar a kabad. Ran mace da na jaririnta bai kamata su rataya a kan sa'a ba.

Akwai kuma wanda ba ya ihu, ba ya fasa komai. Ya daina zuwa fada, ya daina cin abinci sosai, in ya yi magana sai ya ce ya gaji da duniya, gara ya huta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da 700,000 ke kashe kansu a kowace shekara, kuma yankin Afirka ne ke kan gaba in aka auna da yawan jama'a, kusan 11 a cikin kowane 100,000, alhali na duniya baki ɗaya kusan 9 ne. Mu Musulmi ne, mun san hukuncin wannan aiki, shi ya sa in ya faru ake rufewa a ce gajeriyar rashin lafiya ce. Rufewar ba ta hana shi faruwa a gida na gaba. Wanda ya furta irin wannan magana akan ce masa ya yi istigfari, sai a tashi a bar shi. Istigfari alheri ne, amma bayan shi a samu mai zama da shi, a tambaye shi kai tsaye abin da yake saƙawa, don tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, a kawar da abin cutarwa daga ɗaki, a raka shi asibiti. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na irin wannan mutuwa a duniya da maganin ƙwari ake yin ta. Ƙasar Sri Lanka da ta hana shigo da mafi haɗarinsu ta ga adadin ya faɗi ƙasa sosai. Mu nan ana sayar da su a kasuwa cikin kwalaben da ba su da ko suna. Wannan kam yana hannun hukuma, ba sai an jira likita ba.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin abin da kudancin jihar nan yake ciki. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo Gidan Rumji da Madarumfa, har aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Namu mutanen na bakin iyaka su ma sun ga sace shanu da sace mutane. Wanda aka karɓo da kuɗin fansa akan yi masa barka, a yi sauka, a watse, ba mai tambayar abin da yake gani in ya rufe ido. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce a wuraren da rikici ya shafa kusan mutum 1 cikin 5 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. A cikin garin nan ma ba mu manta gobarar azuzuwan zana ta Nuwamban 2021 ba, wadda ta ci yara ƙanana sama da 20, ko ambaliyar daminar 2024. In bala'i ya sauka akan kai shinkafa da tabarma da bargo, kuma ya dace. A sa mai sauraren mutane a cikin motar da ke kai kayan, ya kuma koma bayan wata uku, lokacin da ƴan jaje suka ɗauke ƙafa.

Tramol da wiwi da sholisho ba sai na ja ba, kowane mai unguwa zai ba ku labari. Hukumar OCRTIS mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana kama masu fatauci, Allah ya ƙara mata ƙarfi. Yaron da ƙwaya ta juya wa kai yake jijjiga a bakin titi kuwa, asibiti yake buƙata a wannan daren kafin a zo ga maganar laifi.

Abin da nake roƙo ba sabon gini ba ne, ba kuma sabuwar lamba ba. Amurka ta buɗe lambar 988 a Yulin 2022 don irin wannan kira kaɗai, amma mu ba sai mun kai nan ba. Lambobin da jama'a suka riga suka haddace sun isa. A fito a rediyo a ce da mutane, da Hausa da Fillanci da Buzanci, in wani naku ya rikice ku kira, aikinmu ne. Sannan wanda ya ɗaga wayar ya kasance yana da takardar masu gadi a gabansa: ga ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa da ke riƙe da waya a wannan makon, ga lambar majon CSI mafi kusa da mai kira. Sau da yawa muryar wanda ya san aiki ta waya kaɗai takan sauya daren. Ya ce a kori ƴan kallo. Mutum ɗaya ya yi magana, wanda mara lafiyar ya fi yarda da shi, ya kira shi da sunansa, a hankali. Kada a yi masa musu a kan abin da yake gani ko yake ji. A janye wuƙa da taɓarya da yara. Kada a tare masa ƙofa. A taɓa jikinsa a ji ko da zafi. In kuma dole ce ta sa a riƙe shi, kada a kifa shi a hau bayansa ko ƙirjinsa, domin ta haka numfashi yake ɗaukewa, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya a ƙasashe da dama.

Wannan darasin ƴan sanda da jandarma da ƴan kwana-kwana su ma suna buƙatarsa, don su ake kira in abin ya fito titi ko kasuwa. An horar da su su kama mai laifi, kuma sun iya. Mara lafiya da ke cikin firgici in ya ga kaki da jiniya da kulki sai ya tabbatar wa kansa cewa abin da yake tsoro ya iso. A birnin Eugene na Amurka daga 1989 har zuwa 2025 an riƙa tura ma'aikacin lafiya da mai lallashi zuwa irin wannan kira maimakon ɗan sanda. Ko ba mu kai ga mota ta musamman ba, a sa ma'aikacin jinya ya yi gaba, masu kaki su tsaya baya, a shirye in an buƙace su. Kuma inda za a nufa asibiti ne, ba bayan kanta ba.

Horar da majo-majo ba sai an ƙirƙiro komai ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, ta bi shi da littafin jagora a 2010, an tsara shi ne don ma'aikacin da ba ƙwararre ba, a wurin da babu likitan ƙwaƙwalwa. Horon na kwanaki ne. Sai dai horo kaɗai ba ya zama. In ba a bi shi da mai zagayowa yana dubawa ba, da wayar da majo zai buga in ya rasa yadda zai yi, bayan shekara ya bi ruwa. A kuma horar da mutum biyu a kowane wuri, saboda canjin wurin aiki yana kwashe wanda aka horar ya bar asibiti fayau.

Sai magani. Haloperidol, chlorpromazine, diazepam, phenobarbital: tsofaffin magunguna ne, masu arha, suna cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wurinsu kabad ɗin gaggawa na kowane CSI da kowane asibitin gunduma, tun daga Tasawa da Gazawa har Mayayi da Bermo, ba a rubuta wa mutum takarda da ƙarfe biyun dare a ce ya nemo a farmasi ba. Allurar farko a yi ta kafin a yi maganar kuɗi. Ƙasar nan ta taɓa yanke irin wannan shawara: tun 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, aka ɗauke na tiyatar haihuwa. A inda ake da asusun man ambilans, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa wanda ya rikice yana cikin waɗanda ake ɗauka, kamar mai naƙuda. A kowane asibitin gunduma a ware ɗaki guda mai gado biyu, nesa da hayaniya, ba abin da mutum zai ji wa kansa ciwo da shi, da wurin da ɗan'uwa zai shimfiɗa tabarma.

Bari in ƙara wani abu da sai wanda ya yi aikin ya sani. Haloperidol wani lokaci yakan sa wuya ya sandare, ido ya kafe sama, harshe ya fito. In ba a gargaɗi iyali tun farko ba, da sun ga haka sai su ce aljanin ne ya fusata da maganin asibiti, su watsar da ƙwayoyin, ba za ka sake ganinsu ba. Alhali akwai maganin da ke warware wannan cikin ɗan lokaci. Shi ma ya kasance a kabad, a ƙarƙashin makulli don akwai masu shan sa don maye, kuma a koya wa ma'aikaci ya ɓata minti biyar ya yi wa iyali bayani.

Yawancin waɗanda ciwonsu ya tashi da dare ba sababbi ba ne. Sun taɓa shan magani, sun samu sauƙi, sai magani ya yanke. Na lura abin ya fi yawa in rumbu ya yi ƙasa, lokacin da kuɗin mota zuwa gari da kuɗin tiyar hatsi suke takara a aljihu ɗaya. Akwai allurar wata-wata da take hutar da mutum daga haɗiyar ƙwaya kullum. A kawo ta CSI. Rele ɗin da suke bi gida-gida da damina suna ba yara maganin rigakafin zazzaɓi sun san kowace ƙofa a garinsu. In aka ba su sunayen, da yardar iyali da sirri, su ne za su fara lura cewa wane ya daina barci, tun kafin a kai ga taɓarya. Mai farfaɗiya ma haka: kusan 7 cikin 10 za su iya rabuwa da faɗuwa in suna samun magani ba yankewa.

Na san wasu abokan aikina ba za su ji daɗin abin da zan faɗa yanzu ba. Malamai masu ruƙiya da masu maganin gargajiya da ƴan bori, su ne asibitin gaggawar da jama'a suke zuwa a yau, ko mun so ko mun ƙi. Ƙofarsu a buɗe take da dare, suna jin yaren mutum, ba su tambayar takarda. Yaƙi da su ɓata lokaci ne. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suke ziyartar marasa lafiya a wurin masu maganin gargajiya da na addu'a suna ba da magani. Waɗanda aka haɗa musu hannu biyun sun fi samun sauƙi. Maraɗi tana da abin da za ta gina wannan a kai. In Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi da Mai Martaba Sarkin Gobir na Tsibiri suka kira, limamai da malaman zaure za su amsa, kuma Iya da Inna, mata masu sarauta a fadojin biyu, suna da bakin magana da ƴan bori wanda babu ma'aikacin gwamnatin da yake da shi. Yarjejeniyar ba ta da wuya. A ci gaba da addu'a. Ba duka, ba sarƙa, ba hana abinci. Mai zafin jiki, da mai jego, da wanda ya bugu a ka, da mai maganar mutuwa, a turo su asibiti a ranar. Majo kuma ya riƙa leƙowa da jakarsa, ya shigo da sallama da ladabi.

Waɗanda suke yawo a titi kuwa, a tasha da bakin babbar kasuwa, ba ina cewa a bi a kwashe su a mota a kai wani wuri a kulle ba. Kowannensu ɗan wani gida ne, kuma da yawa za a iya gano danginsu in an samu mai haƙurin tambaya. Matan cikinsu sun fi shiga uku: na ga wadda ba ta san sunanta ba, ga ta da ciki. A ɗora wa ma'aikatan jin daɗin jama'a na da'irorin birnin nan uku su san su ɗaya bayan ɗaya, a fara musu magani a inda suke. Malaman makaranta da limamai kuma su tsawata wa yara kan jifa da waƙar tsokana.

A rahoton wata-wata da majo yake aikawa, a riƙa bibiyar mutum nawa aka kawo a rikice, nawa aka kawo a ɗaure, nawa aka tura gaba, kwana nawa kabad ya yi babu magani. Da wannan ne za ku san inda za ku tura mai da magani, da shi kuma za ku riƙe kowa a kan aikinsa.

Ba sai an soma da jiha duka ba. Ku zaɓi gunduma ɗaya ta karkara da da'ira ɗaya a cikin birni. Ku tara daraktan lafiya, da shugabannin asibitoci, da na ƴan sanda da jandarma da ƴan kwana-kwana, da wakilan sarakuna da malamai, da mutum biyu ko uku daga cikin waɗanda suka yi ciwon suka warke ko suka yi jinyar nasu, don sun fi mu duka sanin inda abin yake ciwo. Kada a tashi daga zaman sai an rubuta sunan ofishin da alhakin daren farko yake kansa. Ranar 10 ga Oktoba mai zuwa, maimakon jawabi, a karanta wa jama'a a rediyo kira nawa aka amsa da mutum nawa aka kwance. Mu da muka yi ritaya muna nan cikin gari, da yawanmu da sauran ƙarfi. In an neme mu gadin waya, ko raka sababbin ma'aikata zuwa gidajen da muka sani, za mu zo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinyarsu lada, ya yi muku jagora.

Wassalam.

Naku,
Tsohon majo mai ritaya,
Maraɗi.